Ranar Da Aka Buɗe Injiniya

Wai an yi wani mutum a wani layi, ana ce masa Injiniya. To kada ka ji an ce Injiniya ka zaci mutumin nan ya taɓa leƙa ajin da ake koyar da injiniyanci. Ma'aikacin sito ne a wani kamfanin kujeru, aikinsa ya tsaya bakin ƙofa ya ce a shiga da wannan, a fito da wancan. Sunan kuwa a shagon aski ya tsince shi. Wata rana ana tsananin zafi fankar shagon ta tsaya, ya miƙe ya sharara mata mari, ta ci gaba da juyawa. Mai aski ya ce, "Kai, Injiniya!" Shi ke nan suna ya bi shi, shi kuma ya riƙe abinsa hannu bibbiyu.

Tun daga ranar ba abin da zai lalace a layin bai tsoma hannu ba. Rediyon Baba Direba da ya gyara, har yau tasha ɗaya take kamawa, ita ma cikin yaren da ba mai ji. Duk da haka mutanen layi ba su janye sunan ba, don yana yi musu daɗi a baki, shi kuwa yana yi masa daɗi har cikin rai. A wurin aiki ba mai tunawa da shi sai in kujera ta ɓace. Amma a layi, da ya karyo kwana yara za su ce, "Sannu da dawowa, Injiniya," sai ka ga mutum ya ƙara tsawo. Allah ya sani, sunan nan ya fi masa komai.

Ana nan sai ga ƙanin matarsa, wanda kowa ke kira Auta, ya zo nuna wa yayarsa sabon sulkensa. Shi Auta a kyamis yake aiki, amma ran hutu yana cikin wata ƙungiya ta masu ƙera sulke irin na mayaƙan sararin samaniya da ake gani a finafinai. Su ƙera da hannunsu, su saka, su je taro a yi ta ɗaukar hoto da su. Da ya fito daga gidan cikin kayan nan, fari tas, yana sheƙi, yaran layi suka raka shi da ihu har shagon aski, inda manya ke zaman hira.

Injiniya ya ga duk idanu sun bar kansa sun koma kan Auta, abin ya ba shi haushi. Ya tashi ya zagaya shi, ya sa yatsa ya danna ƙirjin sulken. Ƙirji ya lotsa, ya dawo.

"Auta, me nake taɓawa haka?"

"Roba ce, Yaya, irin mai laushin nan. A yanka ta da wuƙa, a hura mata zafi ta lanƙwasu, a manna, a yi fenti."

"Irin wadda ake yin silifas da ita?"

"Kusan ita ce."

"Jama'a, ku zo ku ga jarumin da ya ɗora silifas a ƙirji! To in abokan gaba suka taso fa? Wanka za ka shiga?"

Shago ya kwashe da dariya. Auta ya cire hular sulken yana murmushi, don ya saba da halin mijin yayarsa. Ya ce, "Yaya, ai mu ba yaƙi muke zuwa ba, hoto muke zuwa, kuma wuni ake yi da abin a jiki. Amma wata mai zuwa akwai babban taronmu a zauren baje koli, kowa zai hau dandamali da nasa. In kana da wanda ya fi silifas, ga fili ga mai doki."

Da Injiniya ya yi shiru a nan, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Ina! Sai ya buga ƙirji ya juya ga jama'a.

"Ku shaida. Zan ƙera sulke na ƙarfe, ƙarfen gaske, wanda in ka ƙwanƙwasa zai amsa maka. In ban hau dandamalin nan da ƙafata ina sanye da shi ba, kada wanda ya sake kirana Injiniya a layin nan!"

Baba Direba, wanda tsufa ya koya wa taka birki da wuri, ya ce, "Ɗana, rage gudu. Baki shi ke yanka wuya."

"Baba, na faɗa na ƙara."

Mai aski ya kaɗa almakashi a sama ya ce, "Mun shaida. Ni na raɗa sunan, in ta kai ga haka ni zan karɓe abina."

Aiki ya fara daga awo. Matarsa, Maman Biyu, ɗinki take yi, don haka ita ya sa ta ɗauko tef. Tana zagayo da tef ɗin ta kan cikinsa sai mutumin naka ya ja numfashi, ya haɗiye tumbi, ya turo ƙirji, idanu suka firfito.

Ta ce, "Abban Biyu, saki cikin."

Ya ce da ƙyar, "Haka yake."

"Haka yake tun yaushe? Ni ke ɗinka maka riguna, ni ke ƙara musu ƙyalle a gefe."

"Mace, auna abin da kika gani."

Ta auna, ta dubi tef, ta dube shi. "Wannan ai awon ranar aurenmu ne. To Allah ya sa ƙarfen naka yana da kara irin ta yadi."

Ya ɗauki awon ya nufi wurin Mai walda da ke ƙarshen layi. Shi Mai walda mutum ne da ba ya musu da mai aiki. In ka ce ya yi maka ƙofa ba wurin shiga, zai ce maka an gama. Injiniya ya sa aka jawo tsohon firij ɗin gidansa, aka feɗe shi, bayansa da gabansa suka zama ƙirji da gadon baya. Hannuwa da ƙafafu kuwa bututun kwano aka naɗa. Da aka zo kan ƙafa, Mai walda ya ɗan sosa ƙeya.

"Injiniya, a nan wurin gwiwa fa? Ko a raba bututun biyu, a bar wurin lanƙwasa?"

"Lanƙwasa ta me? Jarumi ba ya durƙusawa."

"An gama."

A 'yan makonnin nan layi bai huta ba. Daga safe zuwa yamma ƙarar guduma, ƙwal, ƙwal, ƙwal, har jariran layi suka saba, in aka tsaya sai su farka. Kayan gida kuma suka fara ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Maman Biyu ta nemi murafan tukwanenta biyu ta rasa, sai a kafaɗun sulke ta gan su. Ta nemi mariƙin ƙofar kicin, ashe yana nan an like shi a ƙugu, wai wurin rataya bindiga. Ranar da ta nemi bokitin ƙarfenta na wanki, ba ta ko tambaya ba, ta miƙe sai shagon walda. Ta tarar da mijinta tsaye, bokiti kife a kansa, an tsaga masa ɗan siririn wurin gani.

Ta ce, "Sannu, Abban Biyu. In ka gama da shi ina da wanki."

Murya ta fito daga cikin bokiti kamar daga rijiya: "Wannan ba bokiti ba ne, hular kwamanda ce."

"To kwamanda, cire mu gaisa."

Ya kama ya ja, hula ta ce ba inda za ni. Mai walda ya ja, kunnuwa suka tokare. Sai da aka kama hannunsa kamar makaho aka kai shi shagon aski, aka kwantar da shi a benci, aka tsiyaya man gyaɗa ta wuya, Baba Direba ya riƙe ƙafafu, Mai aski da Mai walda suka ja bokiti. Da ya fita, sai da ya yi ƙara kamar an cire murfin kwalba.

Injiniya ya tashi zaune, kunnuwa jajir, mai na ɗiga daga haɓa, ya ce, "Kun gani? Ko a fagen fama ba mai iya cire min ita."

Mai aski ya ce, "Gaskiya ne. Amma laifin ba na hula ba ne, suma ce ta yi yawa."

Ka san Injiniya da sumarsa, kullum sai ya taje ta ya shafa mai kafin ya fita. Amma ya zauna aka yi masa tal-kwabo, yana kallon gashinsa na zuba ƙasa yana cewa dama duk manyan kwamandoji haka suke.

Saura fenti. Ya sayo na fesawa, ruwan azurfa, ya jingina sulke da katanga a tsakar gida, ranar da iska ke kaɗawa. Rabin fenti ya hau sulke, rabi ya tsallake katanga. Ba a jima ba sai ga maƙwabciyarsu, malamar makaranta, ta shigo riƙe da zanen gado a hannu ɗaya, kyanwarta a ɗaya hannun, dukansu suna ƙyalli.

"Injiniya, me na yi maka?"

"Malama, ki yi haƙuri, ci gaba ne ya tsallako."

"Ci gaba? Kyanwar nan baƙa ce da safe!"

"To ai yanzu ko da duhu ba za ta ɓace miki ba."

Sai da Maman Biyu ta fito ta ba da haƙuri, ta karɓi zanen gadon da alkawarin ɗinka wani, sannan malama ta tafi tana Allah ya isa ƙasa-ƙasa.

Ana jibi taro Auta ya zo dubawa. Ya ƙwanƙwasa ƙirjin sulken, ya kuwa amsa. Ya gwada ɗagawa, ya ajiye da sauri.

"Yaya, aiki ya yi kyau, ban raina ba. Amma ina maɗauran?"

"Waɗanne maɗaurai?"

"Mu da bel muke haɗa namu, da maɗaurin nan mai ƙara na takalman yara. Ka sa da kanka, ka cire da kanka."

"Jakar makaranta ka ga na ƙera? Ni in na shiga, Mai walda zai matse gaba da baya da ƙusar kwano, irin wadda in ta shiga ba ta fita."

Auta ya zaro ido. "To in uzuri ya kama ka fa?"

"Ka taɓa ganin jarumi a fim ya ce a dakata da yaƙi zai zagaya?"

"Yaya, don Allah ko ƙofa ɗaya ka bari. Kuma ranar kada ka cika ciki, kada ka sha ruwa da yawa. Mu da muke cikin roba ma haka muke yi."

"Ji yaro! Ina gyaran fanka kana tsotson yatsa, yau kai za ka koya min ƙarfe?"

Auta ya dubi yayarsa, ita kuma ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da taka kekenta. Ta ce, "Ƙyale shi. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho."

Ranar taro Injiniya ya tashi da ƙarfinsa. Don ya nuna wa Auta iyakarsa, ya ci abincin safe har da ƙari, ya kora da shayi kofi bayan kofi, ya ɗora ruwan sanyi a kai, wai soja da ciki yake yaƙi. Sannan ya fito ƙofar gida daga shi sai singileti da gajeren wando, layi ya cika maƙil ana kallo. Aka zura masa bututun ƙafafu, aka zura na hannuwa. Aka kawo ƙirji da baya, suka ƙi haɗuwa, tsakaninsu kusan tafin hannu.

Mai walda ya ce, "Injiniya, kamar ƙarfen ya motse."

Maman Biyu daga bakin ƙofa ta ce, "A'a, ƙarfe yana nan inda aka auna shi."

Injiniya ya harare ta, ya ja numfashi irin na ranar awo, ya haɗiye tumbi. Mai aski ya tura ta gaba, Baba Direba ya tokare ta baya, Mai walda ya bi gefe da gefe yana matse ƙusoshi. Aka kifa hula. Da mutumin ya saki numfashi, sulke gaba ɗaya ya yi wata ƙara, ƙiiii, kamar tsohuwar ƙofa.

Amma fa a faɗi gaskiya, ya yi kyau. Rana ta haske shi yana walƙiya, yara suka hau tafi suna, "Injiniya! Injiniya!" Daɗi ya cika shi, har ƙwalla ta taru masa a cikin bokiti. Ya ɗaga ƙafa zai taka, sai ya tuna ba gwiwa. Dole ya riƙa jefa ƙafa ɗaya gefe, ya jefa ɗaya, yana tangaɗi kamar ana matsar da kabad.

Aka buɗe masa ƙofar motar Auta. Ya tsaya yana kallon kujera, kujera na kallonsa.

Auta ya ce, "Bisimilla, Yaya, zauna."

"Kwamanda ba ya shiga ƙaramar mota."

Sai aka tare motar ɗaukar kaya. Ƙarti suka kama shi, biyu ta kai biyu ta ƙafa, suka shimfiɗa shi a baya, direban ya ɗaure shi da igiya kada ya gangara. Mutanen layi suka ɗuru a wata motar suka bi baya, don ba wanda zai yarda a ba shi labari. Ga rana ta take, ga cunkoso a hanya, ƙarfe ya fara ɗaukar zafi. Duk ramin da mota ta faɗa, sai ka ji ƙwarangwam, sannan ka ji salati daga cikin bokiti. A wata mahaɗa wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya leƙo ya tambayi direba ko na sayarwa ne. Kaya ya daka masa tsawa, mutumin ya yar da buhunsa ya ranta a na kare.

Da aka isa zauren baje koli aka sauke shi, aka tsayar da shi a kan ƙafafunsa. Gumi na fita ta ƙasan bututu har ya jiƙa takalma. Shayin safe kuma ya fara aiko da saƙo. Ya daure, ya nufi ƙofa da tafiyarsa ta kabad. Ƙofar kuwa irin mai na'urar bincike ce, wadda ko makulli ka bari a aljihu sai ta yi kuka. Abokan Auta 'yan roba suka wuce ɗaya bayan ɗaya, shiru kake ji. Injiniya na sa kai, na'ura ta kwarma ihu kamar an taka mata wutsiya.

Mai gadi ya ce, "Ranka ya daɗe, a cire duk wani ƙarfe a ajiye a tire."

Mai aski ya ce, "Ɗan'uwa, sai dai ka sa shi gaba ɗaya a tiren."

Mai gadi ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ta tsagar hula ya ga idanu biyu jajaye suna kallonsa. Ya kira shugabansa, shugaban ya zo shi ma ya ƙwanƙwasa. Sai da Auta ya yi ta rantse-rantse cewa mijin yayarsa ne a ciki, kuma ba ya cizo, sannan aka buɗe masa ƙofar da ake shigar da kaya.

Ciki kuwa jama'a ta cika, ga kiɗa, ga fitilu. Mutane suka yanyame shi da wayoyi, kowa na son hoto da jarumin ƙarfe. A wani lokacin da Injiniya ya wuni a nan yana baza kafaɗa. Amma yanzu saƙon shayi ya zama sammaci. Ya matso kusa da Mai walda ya yi ƙasa da murya, sai dai bokiti ba ya riƙe sirri, duk wanda ke kusa ya ji.

"In an buɗe ni, za a iya mayar da ni?"

"Sai dai a yanka, Injiniya. In an yanka kuma, an gama."

Mai aski ya matso da kunne. "Me ake cewa? A buɗe?"

"Wa ya ce a buɗe? Cewa na yi a buɗe min hanya!"

Mai gabatarwa ya fara kiran masu sulke. 'Yan roba suka riƙa hawa dandamali da gudu, wani ya yi tsalle, wani ya durƙusa da gwiwa ɗaya ya ɗaga bindigar roba, ana tafi. Auta ya hau ya sara wa jama'a ya koma gefe. Sai mai gabatarwa ya ce, "Yanzu kuma ga wanda ba mu taɓa ganin irinsa ba, sulken ƙarfe zalla. Jama'a, Injiniya!"

Zaure ya ɗauki tafi. Injiniya ya jefa ƙafa, ya jefa ƙafa, har ya iso gaban dandamali. A nan ya ci karo da abin da bai taɓa shiga lissafinsa ba: matakala. 'Yan ƙanana ne, yaro ma da tsalle zai haye su. Amma duk wanda ya taɓa hawa matakala ya san da gwiwa ake hawa.

Ya jefa ƙafar dama gaba, ta daki matakala, ƙwal, ta dawo. Ya jefa ta hagu, ƙwal. Ya juya gefe ya gwada hawa a karkace kamar ƙaguwa, bututu ya ƙi ɗaguwa. Jama'a suka zaci wasan ne haka, suka fara tafi suna bin ƙarar, ƙwal, tafi, ƙwal, tafi.

Auta ya sauko da sauri ya raɗa masa, "Yaya, bari mu ɗaga ka, ba wanda zai ce komai."

Daga cikin jama'a Mai aski ya ɗaga murya: "Da ƙafarsa ya ce! Muna nan, mun shaida!"

Injiniya ya ture hannun Auta. Ga zafi, ga matsuwa, ga sunansa yana gani a saman 'yan matakalan nan kamar ya miƙa hannu ya ɗauka. Ya ja da baya, ya tattara duk ƙarfin da Allah ya ba shi, ya cika ƙirji da iska don ya yi tsalle. To ka tuna awon da aka yi. Tumbin da aka danne tun safe ya ce shi ma yau sai ya ga taro. Ƙusar farko ta ɓalle, tas! Ta biyu, tas! Sauran suka bi, tas-tas-tas, suna tashi sama. Jama'a suka yi ihun murna, wani na cewa, "Kai, har da harbi!"

Tsallen dai bai kai ko'ina ba. Ƙafafu suka tafi gaba, jiki ya tafi baya, jarumi ya zube rigingine da wata ƙara da ta sa mai kiɗa ya kashe kiɗansa. Murfin tukunya ɗaya ya ɓalle daga kafaɗa, ya gangara tsakiyar zaure yana juyi, kowa na binsa da ido har ya kwanta.

Sai murya ta fito daga bokiti, ba sauran kwamanda a cikinta: "Mai walda, don girman Allah yanka. Yanka da sauri!"

"An gama."

Mai walda ya zaro almakashin kwano daga aljihu, wanda ya shigo da shi ta ƙofar kaya, ya durƙusa, ya fara daga ƙugu yana bi yana ɓanɓare ƙarfe, tururi na tashi. Wata 'yar yarinya da ke kan kafaɗar babanta ta nuna da yatsa ta ce da ƙarfi, "Baba, duba, ana buɗe gwangwani!"

Wayyo, dariyar da aka yi a zauren nan! Baba Direba har sai da aka ba shi kujera. Ana cire bututun ƙarshe Injiniya ya miƙe, ga gwiwoyi sun dawo aiki, ya zura da gudu daga shi sai singileti da gajeren wando da bokiti a ka, yana tambayar ina ne bayi. Auta ne ya bi shi yana yi masa kwatance, "Dama, Yaya! Dama! Wannan na mata ne!"

Washegari aka zauna shari'a a shagon aski. Injiniya ya zo da hujjojinsa: matakalan ba a yi su bisa ƙa'ida ba, Mai walda ya sa ƙusa mai araha, kuma duk taron ba wanda aka ɗauka hoto kamarsa.

Mai aski ya ce, "Duk mun ji. Ka hau?"

"Ai saura ƙiris."

"Ka hau?"

Injiniya ya hau sosa ƙeya.

"To na karɓi abina. Amma ba za mu bar ka haka ba suna ba, yarinyar nan ta riga ta raɗa maka wani."

Injiniya ya miƙe a fusace ya rantse cewa duk wanda ya kira shi da wannan sunan, ba shi ba shi har abada. Mutanen layi kuwa masu kara ne, ba wanda ya kira shi. Amma tsohon sunan ma ba wanda ya kira, don alkawari alkawari ne. Ya karyo kwana da yamma, yara su dube shi su dubi juna, su ce, "Sannu da dawowa," su tsaya nan. Manya su ce, "Sannu, malam," kamar baƙon da ya zo neman gidan haya. Abin ya dame shi ƙwarai, ya rage hira, ya rage cin abinci, har Maman Biyu ta fara tausaya masa ta daina tambayar bokitinta.

Ran nan yana zaune a shagon aski ya yi tagumi, sai ga wata mata daga wata unguwa ta yi sallama, riƙe da dutsen guga.

Ta ce, "Don Allah nan ne layin su Gwangwani? Wanda aka buɗe a taro? Yarana ne suka nuna min shi a waya, aka ce wai yana taɓa gyare-gyare."

Almakashin Mai aski ya tsaya. Baba Direba ya sunkuyar da kai yana duban takalmansa. Mutumin naka ya dubi matar, ya dubi dutsen guga, wayarsa na reto, ga wani ɗan sukuru a gefe da ke roƙon a kwance shi. Ya gyara zama, ya gyara murya.

"Ga ni nan, Hajiya. Har unguwarku labari ya kai?"

"Ai ba wanda bai san ka ba."

Sai ga mutum ya ƙara tsawo a zaune. Ya miƙa hannu bibbiyu ya karɓi dutsen guga, ya juya shi, ya girgiza shi kusa da kunne.

"Wannan ai ƙaramin aiki ne. Kin zo wurin da ya dace."

Baba Direba ya ɗago kai ya dubi matar cike da tausayi, ya ce, "'Yata, kina da wani dutsen guga a gida ko?"